ZARE: Daga rijiyar Kusugu zuwa bakin teku

1/ Jama'a, duk lokacin hutu sai na ga ana caccakar wanda ya kai iyalinsa bakin teku. Wai kwaikwayon Turawa ne, me ya haɗa Bahaushe da teku? Ni ɗan Daura ne, garin da tarihinsa ya rataya a bakin rijiya. Amma ku zo mu bi sawun kakanninmu, mu ga inda ya tsaya.

2/ Mu fara da kalmar zango. A masarautar Daura akwai garin Zango, inda wani reshe na tsohon gidan sarauta ya zauna bayan jihadi ya ci Daura a farkon ƙarni na 19. Daga can aka ɗauko Malam Musa ya zama Sarkin Daura a 1906. Asalin kalmar kuwa, wurin da ayari ke sauke kaya ya huta.

3/ Kalmar nan ce ta yi tafiya har Ghana ta zama "zongo". Fatakenmu kan ɗora wa jakuna kanwa, fatu da tufafi, su yi watanni a hanya zuwa kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, su dawo da goro. Inda aka saba yada zango, a hankali ya zama unguwa, har da masallaci da makarantar allo.

4/ A 1892 yaƙin basasa ya wargaza Salaga. 'Yan kasuwa suka watsu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu suka gangara har Accra, suka tarar da 'yan uwa can. Tsofaffinmu Ankara suke ce wa Accra, Legas kuma Ikko. Garin da kuka raɗa wa suna da harshenku, ai ba jiya kuka fara taka shi ba.

5/ Amma fa ba kowa ne ya ga teku da son ransa ba. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun samar da kamammu da yawa. Aka sayar da wasu kudu, aka cusa su jirgin ruwa zuwa Bahia a Brazil. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a can. A 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka yi bore a birnin Salvador. Akasarinsu Yarbawa ne, da Hausawa a ciki.

6/ A Ikko kuma, a 1863, Baturen nan John Glover ya kafa wata 'yar runduna ta Hausawa, da yawansu bayi ne da suka tsere. Daga ita sojan Najeriya ke lissafa asalinsa.

7/ To wasan hawa igiyar ruwa a kan katako fa, wanda muke gani a finafinai? A 1834 wani Bature, James Alexander, ya rubuta cewa ya ga yara a gaɓar Accra suna kwanciya kan 'yan katakai marasa nauyi, igiyar ruwa tana koro su har tudu. Fim ɗin The Endless Summer, wanda ya nuna Amurkawa biyu suna wasan a Senegal, Ghana da Najeriya, ya zo ne bayan sama da shekara 130. Wa ke kwaikwayon wa?

8/ Bara na kwashi yarana muka je gaishe da gwaggona a Nima, daga nan muka wuce Kokrobite, yamma da Accra, inda samari ke hawan igiyar ruwa. Ƙaramin ɗana ya ga katakon ya ce, "Baba, wannan allon na wane malami ne?" Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Na malam teku ne, shi ba ya bulala, haɗiyewa yake."

9/ Maganarta gaskiya ce wallahi. Teku ba kududdufin damina ba ne. Akwai ruwan da ke ja ta ƙasa ya yi ciki da mutum ko a wurin da bai kai ƙirji ba. Ko Kokrobite ne, ko Busua, ko Tarkwa Bay ta Legas da ake zuwa a kwalekwale, ku tambayi 'yan gari inda ake shiga, kuma kada ido ya bar yaro. Iya ruwa fidda kai.

10/ Abin da ya fi damuna shi ne zumuncin nan yana tsinkewa. Jikokin fatake suna can suna cewa "kakanmu daga Daura ya zo", mu kuma ko sunansu ba mu sani ba. Ku zauna da tsofaffin gidanku tun suna raye, ku tambaya: wa ya tafi Gwanja bai dawo ba? Zumunta a ƙafa take. Wanda ke da dangi a wani zongo ya faɗa mana a ƙasa.