Sakatar Mauser da Sakatar Lee

A watan Janairun 1900, a kan tsaunin Spion Kop na Afirka ta Kudu, sojojin Ingila sun kwashi kashinsu a hannun manoman Boer. Manoman na riƙe da bindigar Mauser ƙirar 1895, suna ɗauke mutum ɗai-ɗai daga nesa. Maharba ne tun suna yara, amma a Landan bindigar aka fi sa wa ido.

Kowane ɓangare bindiga mai sakata yake riƙe da ita: a ɗaga mariƙi, a ja baya kwanso ya fita, a tura sabon harsashi, a murɗa ta kulle. Wurin kullewar ne suka sha bamban. Haƙoran sakatar Mauser guda biyu suna can gaba, dab da gindin harsashi, don haka idan ya tashi komai na riƙe gam. Na Lee-Enfield ta sojojin Ingila, wadda James Paris Lee ya ƙirƙiro sakatarta, a baya suke, sai ƙarfin fashewar ya ɗan matse sakatar. Motsi ne da ido ba ya gani, amma maƙeran bindiga sun ɗora masa laifin kaucewar harsashi a nesa.

Ingila ta ƙudura kwaikwayon Mauser, har ta ƙera samfurin Pattern 1913. Ba a gama shiri ba yaƙin 1914 ya ɓarke, dole aka ci gaba da tsohuwar. Sai ga abin da ake kuka da shi ya yi rana: sakatar Lee ba ta da nisan ja, ga harsashi goma maimakon biyar na Mauser. Horarren soja kan saki harsashi 15 cikin minti guda, kowanne da saiti. Da irinta sojojin Najeriya, cikinsu har da Hausawa masu yawa, suka je ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu.

Kuma da alama an zuzuta aibin nata. A wancan yaƙin, akan ware bindigogin da suka fi saiti a gwaji, kamfanin Holland & Holland ya ɗora musu madubin hange, kuma gwanayen harbin Ingila sun yi aiki da jikokinsu har yaƙin Falkland na 1982.

Lokacin tuni bindigogi masu ɗana kansu, irin su AK-47, suka cika duniya. A cikinsu hayaƙin harsashi ne ke tura ƙarfe baya da gaba, an kuma bar sarari tsakanin sassan don kada yashi ya cije su, abin da ke rage musu saiti. Shi ya sa maharban nesa na Ingila, da suka ajiye Lee-Enfield, wata mai sakata suka sake ɗauka, ƙirar Accuracy International.