Gidajen Sarautar Borno Tsakanin Birni da Karkara

Gidajen sarautar Borno su ne fadoji da masaukai da gidajen gona da sarakunan ƙasar suka zauna a ciki, tun daga sarakunan zuriyar Saifawa masu laƙabin Mai har zuwa Shehunan gidan El-Kanemi da ke mulki a Maiduguri a yau. A mafi yawan tarihin daular, sarki bai taɓa dogara da gida ɗaya ba. Yana da babbar fada a cikin birni, yana kuma da wani mazaunin a bakin ruwa ko a tsakiyar gonaki, inda yake komawa da iyalinsa da fadawansa na ɗan lokaci. Hutu na cikin dalilan wannan kai da komo, amma ruwa da ciyawar dawaki da hatsi da tsaro sun fi shi nauyi.

Kafin a kafa birni

Saifawa sun fara mulki ne a Kanem, gabas da Tafkin Cadi, a cikin jama'ar da ke kiwo suna bin ruwa. Masanin nan Al-Ya'aƙubi, wanda ya yi rubutu a ƙarni na 9, ya siffanta mutanen Kanem da cewa a bukkokin kara suke zaune, ba su da birane. Daga baya Njimi ta zama mazaunin Mai. A ƙarshen ƙarni na 14 yaƙi da ƙabilar Bulala ya tsananta, Mai Umar ɗan Idris ya bar Kanem ya ƙetaro yamma zuwa ƙasar Borno. Tsawon kusan shekara ɗari bayan haka sarakunan ba su da tsayayyen birni. Suna sauka nan, su tashi can, fada tana tafe tare da su. Wannan dogon zaman sansani ya bar wa Borno wata ɗabi'a da ta daɗe: duk inda Mai ya sauka, nan ne fada.

Gazargamu da Gambaru

Mai Ali Gaji ne ya kawo ƙarshen yawon. A wajajen 1470 ya gina Birnin Gazargamu kusa da kogin Yobe, a yankin Gaidam ta Jihar Yobe ta yanzu. An zagaye birnin da ganuwar ƙasa, aka gina fadar Mai da gidajen wasu manya da gasasshen tubali, abin da ba a saba gani ba a wannan yanki. Birnin ya yi fiye da shekara 300 yana riƙe da daular.

Ɗan nesa kaɗan da birnin, daf da bakin kogi, aka gina Gambaru. Ita ce shahararriyar fadar karkara ta farko da aka sani a tarihin Borno, kuma ita ma da jan tubali aka yi ta. Ruwayar baka tana danganta gininta ga Magira Aisa Kili, wadda ake cewa ita ta riƙe wa Idris Alauma gadon mulki yana yaro, a ƙarni na 16. Gambaru ta ba gidan sarauta abin da cikin ganuwa ba ya bayarwa: iska, inuwar itatuwa, kifi, lambuna da makiyayar dawaki a fadamar kogi, ga kuma nisa daga hayaniyar kasuwa da idon jama'a. Da Baturen nan Dixon Denham ya bi ta wurin a 1823, kango ya tarar, amma bangon tubalin yana tsaye, kuma mutanen yankin suka shaida masa cewa nan ne wurin da sarakunan da suka wuce suka fi son zama.

Shi kansa Idris Alauma bai cika zaman birni ba. Babban limaminsa, Ahmad ibn Furtu, ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa, inda ake ganin sarkin yana fita shekara bayan shekara, yana kafa sansani, yana gina ribaɗi a bakin iyaka. A fagen fama ya rasu a ƙarshen ƙarni na 16, aka binne shi a Alau, kusa da inda Maiduguri take yanzu.

Masu sarauta a birni, dukiyarsu a ƙauye

Rabon zama tsakanin birni da karkara bai tsaya kan Mai kaɗai ba. Tsarin mulkin ƙasar gaba ɗaya a kansa aka gina shi. Ana ba 'yan sarki da manyan fadawa da matan gidan sarauta garuruwa da ƙauyuka su ci. Wanda aka ba, wato cima kura, yana zaune a birni kusa da sarki. Wakilinsa, cima gana, shi ke zaune a ƙauye, yana karɓar haraji da zakkar hatsi yana aikowa. Magira, wato mahaifiyar sarki, da Gumsu, uwargidansa, suna cikin masu irin waɗannan garuruwa. Manufar a bayyane take: basaraken da ke gaban sarki kullum ba ya samun sukunin tara mayaƙa a bayan gari. Galadima, wanda ke zaune a Nguru yana tsaron iyakar yamma, yana cikin 'yan kaɗan da aka bari su zauna nesa da fada.

Ban da haka, manya suna da gandaye a kewayen birni, inda bayi suke noma gero da dawa da auduga. Da kaka ta yi, jakuna da takarkarai ke shigo da dammunan hatsi zuwa rumbunan gidajen birni. Wadatar da ake gani a fada gumin waɗannan ƙauyuka ce, kuma mafi yawansa gumin waɗanda ba su da 'yanci ne.

Kukawa da Ngurno

A 1808 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Goni Mukhtar suka ci Gazargamu. An ƙwato birnin da taimakon malamin nan Muhammad al-Amin El-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, amma ba a jima ba aka sake cin sa, aka kuma bar shi har abada. Saifawa suka koma Birnin Kafela. Shi kuwa Shehu Laminu ya fara zama a Ngurno, kusa da Tafkin Cadi, sannan a 1814 ya kafa Kukawa.

Daga nan Borno ta zama mai fada biyu. Mai yana Kafela da suna da tambura, iko na hannun Shehu a Kukawa. Denham ya ga wannan da idonsa a 1823. A Kafela ya tarar da Mai Ibrahim zaune a cikin wani keji na sanduna yana leƙen baƙi ta tsakankaninsu, fadawa kuwa sun naɗa manyan rawuna, sun jibga riguna a kan riguna don cikinsu ya fito. A Kukawa ya tarar da Shehu a ƙaramin ɗaki, cikin tufafi marasa ado. Shehu ya rasu a 1837. A 1846 Mai Ibrahim ya gayyato rundunar Wadai, aka ƙone Kukawa. Shehu Umar ɗan Laminu ya kashe Mai Ibrahim, ya rushe Kafela, mulkin Saifawa ya ƙare.

Umar ya sake gina Kukawa gari biyu, kowanne da ganuwarsa. Na gabas na Shehu ne da 'ya'yan sarauta da manyan fadawa, na yamma na talakawa da fatake. Wani faffaɗan titi da ake kira dandal ya ratsa daga ƙofar yamma zuwa fada, kuma a bayan ƙofar yamma ake cin kasuwar Litinin. Ngurno kuma ta zama gidan karkarar Shehu. A watan Afrilu na 1851 Baturen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, yana Kukawa sai Shehu Umar ya tashi zuwa Ngurno don 'yan kwanaki. Manyan fada suka ɗaura sirdi suka bi shi da barorinsu, Barth ma ya bi, kuma daga can ne ya fara zuwa ganin tafkin. Abin da ke jan sarki zuwa Ngurno shi ne ɗanyar ciyawar bakin tafki a tsakiyar bazara, lokacin da kewayen Kukawa ya bushe ƙurmus, ga madara daga garkunan Larabawan Shuwa da Kanembu. Ruwan da ke jawo mutane shi ne kuma ya cuci garin, domin bayan 'yan shekaru tafkin ya cika ya cinye wani babban sashe na Ngurno.

Yadda abin yake a ƙasar Hausa

Maƙwabtan Borno na yamma su ma sun san wannan al'ada. A Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno ta zama ribaɗi, ya fi zama a can, kuma a can ya rasu a 1837 aka binne shi. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya fi zama. A Kano, ban da Gidan Rumfa na cikin birni, sarakuna suna da gidaje a Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa da Takai da Wudil, galibi a tsakiyar gandayen sarki. Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Kano a 1824 ya tarar Sarki Ibrahim Dabo ba ya gari, sai da ya bi shi Fanisau, inda yake sansanin yaƙi da Ɗantunku. Hawan Nasarawa da hawan Ɗorayi da hawan Fanisau da ake yi lokacin Sallah ragowar waccan zirga-zirgar ce. Gidan Nasarawa kuma ya zama makwancin sarakuna, ciki har da Abbas da Abdullahi Bayero da Ado Bayero.

A wasu ƙasashe ma haka ne. Sarakunan Saudiyya sun daɗe suna komawa Ɗa'if idan zafi ya tsananta, gidan sarautar Ingila kuma yana da Balmoral tun 1852 da Sandringham tun 1862. Bambancin shi ne, a Borno da ƙasar Hausa gidan karkara sau da yawa rumbu ne kuma garkuwa, kafin ya zama wurin shan iska.

Daga Dikwa zuwa Yerwa

A 1893 mayaƙin nan Rabe ya ci Borno, ya ƙone Kukawa, ya mai da Dikwa hedikwatarsa, inda ya gina gidan da har yanzu ake zuwa gani. Faransawa suka kashe shi a Kusseri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Rabon ƙasa tsakanin Turawa ya sa Dikwa ta faɗa hannun Jamus. A 1902 Shehu Abubakar Garbai ya baro ta ya shigo ɓangaren Ingilishi, ya zauna a Monguno, ya kuma yi ƙoƙarin raya Kukawa, amma garin ya riga ya mutu, hanyar fataucin Sahara da ke ciyar da shi ma tana mutuwa. A 1907 ya tare a Yerwa, sabon gari a gefen kogin Ngadda, kusa da barikin Turawa na Mafoni da tsohon ƙauyen Maiduguri. Reshen gidan da ya rage a Dikwa ya ci gaba da sarautarsa, kuma a 1942 aka mai da hedikwatarsa Bama.

An zana Yerwa bisa tsarin Kukawa: fada tana kallon yamma, dandal a gabanta, masallaci a gefe, gidajen 'yan sarki a unguwar Shehuri, har kasuwar Litinin ta biyo su da sunanta. Sai dai zaman ya canja. Mulkin En'e yana buƙatar Shehu a wuri guda, kusa da Razdan da baitulmali da kotu da gidan yari. Tsarin cima ma aka juya shi: aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka tura hakimai su zauna a cikin jama'arsu, kamar yadda aka yi a Kano. Masu sarautar da a da suke birni dukiyarsu na ƙauye, yanzu su ne a ƙauye suna da gida a birni don Sallah da taron majalisa. Hana bauta ya karya gandaye, mota kuma ta mai da tafiyar kwanaki ta zama ta wuni ɗaya. Rangadi ya maye gurbin ƙaura da fada.

Halin da ake ciki yanzu

Jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, sannan ta Jihar Borno a 1976. Birnin ya yi ta faɗaɗa yana cin filayen da ke kewaye da shi, har unguwanni irin su Jiddari Polo, kusa da barikin Giwa, suka cika da gidaje. Rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a 2009, shekarar da Shehu Abubakar ibn Umar Garbai ya hau gado, ya juya tsohuwar al'adar gaba ɗaya. A da sarki ne ke fita karkara don samun sarari. A 2014, bayan kashe Sarkin Gwoza Idrissa Timta a watan Mayu da faɗuwar Bama a watan Satumba, sarakunan Bama da Dikwa da Gwoza da hakimai da yawa su ne suka yi zaman hijira a Maiduguri na tsawon shekaru, tare da ɗimbin talakawansu.

Kamar Ngurno, ita ma fadar Yerwa ba ta tsira daga ruwa ba. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye babban sashe na Maiduguri har cikin gidan Shehu. Duk da haka fadar tana nan inda Garbai ya kafa ta. Gazargamu da Gambaru kangaye ne a Jihar Yobe, Kukawa kuma ƙaramin gari ne da ke riƙe da kabarin Shehu Laminu. Gidan El-Kanemi ya yi shekara 79 a Kukawa, daga 1814 zuwa 1893, a Yerwa kuwa ya haura shekara 115, zama mafi tsawo da ya taɓa yi a gari ɗaya.