Sauyi tsakanin lamba da jerin haruffa

Sauyi tsakanin lamba da jerin haruffa hanya ce da harsunan shirya manhajar kwamfuta ke bi wajen mayar da adadi ya zama rubutu, ko rubutu ya zama adadi. A wurin kwamfuta, 45 da "45" ba abu ɗaya ba ne. Na farko adadi ne da ake lissafi da shi, na biyu kuwa alamomi biyu ne a jere, 4 da 5, kamar yadda "gida" take haruffa huɗu. Duk abin da mutum ya buga a fom na intanet a matsayin rubutu yake isa ga manhaja, don haka sai an sauya shi kafin a yi lissafi da shi.

Yadda ake yi

A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, int("45") na ba da lamba 45, float("3.5") na ba da lamba mai ɗigo, str(45) kuma na mayar da lamba rubutu. A JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, ana amfani da Number, parseInt, parseFloat da String.

Harsunan biyu sun bambanta idan aka haɗa rubutu da lamba ba tare da sauyi ba. Python na tsayawa ya nuna kuskure idan aka rubuta "5" + 3. JavaScript kuwa da kansa yake sauyawa: "5" + 3 na ba da "53", domin ya liƙa alamomin ne, amma "5" - 3 na ba da 2.

Inda ake samun matsala

Sifirin farko: Lambobin wayar salula a Najeriya guda 11 ne, kuma da 0 suke farawa. Idan aka mayar da su adadi, sifirin zai ɓace, kamar yadda int("0803") ke ba da 803. Shi ya sa ake ajiye lambar waya da lambar asusun banki a matsayin rubutu, tunda ba lissafi ake yi da su ba.

Waƙafi: A ce ɗan kasuwa a Kalgo ya rubuta kuɗin buhun shinkafa "45,000". Python zai ƙi karɓa. parseInt na JavaScript zai karanta har zuwa waƙafin ya ba da 45, ba tare da gargaɗi ba, kuma wannan ya fi haɗari, domin lissafin zai ci gaba a kan kuskure. A Nijar, wadda ke iyaka da Jihar Kebbi, ana bin tsarin Faransanci, inda "3,5" ke nufin uku da rabi, amma parseFloat zai ba da 3.

Jerantawa: Ana jera rubutu alama bayan alama, kamar a ƙamus, don haka "10" na zuwa kafin "9".

Lambobin Larabci da kalmomin ƙidaya

A rubutun Ajami, wanda ke da dogon tarihi a ƙasar Gwandu, ana amfani da lambobin Larabci irin su ٤٥. Python na gane su saboda tsarin Unicode, int("٤٥") na ba da 45. Number na JavaScript kuwa NaN yake bayarwa, ma'ana "ba lamba ba ce".

Kalmomin ƙidaya irin su "arba'in da biyar" ba sa sauyuwa ta waɗannan hanyoyi. Sai an rubuta manhaja ta musamman da ta san ƙa'idar Hausa, misali cewa "sha" na haɗa goma da ɗaiɗaiku, kamar a "goma sha biyu", yayin da "da" ke aiki daga ashirin zuwa sama, kuma "ashirin ba ɗaya" na nufin 19.