Taƙaitaccen Tarihin Sakramenti da Bukukuwan Shekara na Maƙwabtanmu Katolika a Kano

GABATARWA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kawo mu wannan rana ta cikar ikilisiyarmu shekara 50. A cikin Littafin Firistoci sura 25 an nuna cewa shekara ta hamsin lokaci ne da kowa yake komawa ga danginsa. Saboda haka da kwamitin jubili ya ɗora mana nauyin rubuta tarihi, sai muka ga ya dace mu keɓe waɗannan shafuffuka domin wasu dangi da muke zaune tare da su, wato 'yan'uwanmu na ɗariƙar Katolika, waɗanda suka riga ikilisiyarmu kafa sujada a Kano da shekaru masu yawa. Muna haɗuwa da su a kasuwa da wurin aiki, har auratayya ta shiga tsakaninmu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda suke tafiyar da sujadarsu. Rashin sani kuwa, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Tambayar da muka sa a gaba ita ce: jama'ar da aka warwatsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mene ne ya riƙe ta har yau take tsaye?

YADDA AKA FARA

Waɗanda suka zauna ko suka yi aiki a Gwammaja da kewayen Dutsen Dala daga cikinmu sun sani ba a gina majami'a a cikin ganuwar Kano ba. Mai bi da yake Gwammaja, in Lahadi ta yi, sai ya fita ta ƙofar gari, ya ratsa Fagge, ya nufi Sabon Gari. Wannan tafiya tana da dogon tarihi.

A shekara ta 1711 wasu limaman Katolika biyu, 'yan ƙungiyar Faransiskan, waɗanda suka taso daga Tarabulus suka ratso hamada ta Agadas, suka isa Katsina, amma rashin lafiya ta kashe su a can ba su kafa kome ba. A shekara ta 1900 Bishop Tugwell na mishan ɗin Anglikan ya iso Kano tare da Likita Miller, Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Ko bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, gwamnatinsu ba ta bar 'yan mishan su yi aiki a cikin birni ba.

Ƙungiyar limaman SMA, wadda aka kafa a birnin Lyon na ƙasar Faransa a 1856, ita ce ta kawo ɗariƙar Katolika ƙasar Arewa. Sun sauka Lokoja a 1884, sa'an nan suka kafa tasha a Shendam a 1907. Amma abin da ya kawo su Kano shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911. Jirgi ya kawo akawuna da makanikai da 'yan kasuwa daga Kudu, da Saliyo, da ƙasar da ake kira Ghana yanzu, aka zaunar da su a Sabon Gari. A cikinsu akwai Katolika waɗanda suke taruwa su yi addu'a su kaɗai, suna jiran ranar da Fada zai biyo jirgi ya yi musu baftismar 'ya'ya da ɗaurin aure. A cikin shekarun 1920 aka sami Fada mazauni, aka kuma gina majami'ar St. Elizabeth. A 1948 Sistocin St. Louis suka zo daga ƙasar Ailan suka buɗe makaranta, Kano ce kuwa wurin da suka fara sauka a Nijeriya.

Shekaru da yawa Kano tana ƙarƙashin Kaduna. A 1991 aka ba ta 'yancin kanta a matsayin mishan, a 1999 kuma ta zama cikakkiyar dayosis, Bishop Patrick Sheehan ne bishop na fari, babbar majami'arsu kuwa ita ce Our Lady of Fatima a Sabon Gari. A 2008 aka naɗa Bishop John Namaza Niyiring ya gaje shi.

SAKRAMENTI BAKWAI

A nan dole mu faɗi gaskiya. Mu, bisa ga koyarwar da muka karɓa, farillai biyu muke riƙe da su, baftisma da jibin Ubangiji. Su kuwa suna da bakwai, kamar yadda Majalisar Trent ta tabbatar a 1547, suna kiransu sakramenti. Wannan bambanci yana nan, ba mu zo mu rufe shi ba. Amma duk wanda ya duba jerin nan zai ga yadda ya bi mutum tun daga goyo har bakin kabari.

Na fari shi ne baftisma. Ana yi wa jarirai, iyaye da uban baftisma ko uwar baftisma suna ɗaukar alkawari a madadinsu. Babban mutum kuwa sai ya zauna a ajin koyon bangaskiya, wani lokaci shekara biyu ko fiye. Kowace baftisma ana rubuta ta a babban littafin majami'a, a ba mutum kati. Idan ya tashi aure, ko da a Legas ne ko Ingila, sai an nemi shaida daga majami'ar da aka yi masa baftisma. Ta haka littattafan Sabon Gari suka zama igiyar da ta ɗaure dubban mutane da Kano, har da waɗanda suka bar ta tun suna yara.

Na biyu shi ne jibi mai tsarki, wanda shi ne zuciyar sujadar da suke kira Mas. Tun 1910, bisa ga umarnin Fafaroma Pius na 10, yaro yana iya karɓar jibi na fari daga wajen shekara 7. Ranar nan babbar rana ce a gida: fararen tufafi, hoto, da shinkafa ga maƙwabta. Na uku shi ne tabbatarwa, inda bishop yake ɗora hannu ya shafa wa mutum mai a goshi. Na huɗu furta zunubi a gaban Fada. Na biyar aure, wanda ake shelarsa a majami'a tun kafin ranar, domin mai magana ya yi magana. Na shida naɗin limamai. Dattawa ba su manta da Fabrairu 1982 ba, lokacin da Fafaroma John Paul na 2 ya zo Kaduna ya naɗa limamai 'yan ƙasa da hannunsa. Na bakwai shi ne shafa wa marasa lafiya mai. Sau da yawa mun haɗu da Fada a ɗakin majinyata na asibitin ƙashi na Dala, shi da ɗan kwalbar mansa, mu da Littafi a hammata, kowa yana neman gadon nasa. A gefen gadon mai ciwo gardama takan yi sanyi.

Abu ɗaya game da man nan ya cancanci a sani. Sau ɗaya a shekara, a makon da ake tunawa da shan wuyar Almasihu, bishop yakan tara dukan limamansa ya yi addu'a a kan man da za a yi aiki da shi, kowane Fada ya ɗebi nasa ya tafi. Man da aka shafa wa ɗan attajiri a birni, shi ne aka shafa wa ɗan manomi a ƙauye.

SHEKARA DA BUKUKUWANTA

Shekarar ikilisiya takan fara da Lahadi huɗu na jiran zuwan Almasihu, daidai lokacin da hunturu yake sauka. Kirsimati takan zo cikin sanyi da ƙura, an gama girbi, rumbu ya cika. Tun dā wannan lokaci yana da fuska biyu a Kano. 'Yan Kudu sukan cika motoci su tafi gida, har wasu layukan Sabon Gari su yi shiru, amma a ƙauyuka lokacin ne majami'a take cika, domin 'yan ci-rani sun dawo. Abincin Kirsimati yakan haye katanga zuwa gidan maƙwabci Musulmi, kamar yadda naman layya yake hayowa namu.

Bayan haka sai Larabar Toka, wadda take buɗe azumin kwana 40. Tokar da ake shafa wa mutane a goshi, ganyen dabinon bara ne aka ƙona. Kowace Jumma'a ta azumi ana bin hanyar gicciye, tsayawa 14, ana tunawa da tafiyar Yesu zuwa Golgota. Azumin nan yakan ƙare cikin zafin bazara, domin Ista ba ta faɗuwa kafin 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. A 2025 Musulmi sun ɗauki azumin Ramadan ranar 1 ga Maris, Katolika suka shafa toka ranar 5 ga wata, sai ya zama mai zuwa tafsiri a Gwammaja da mai zuwa hanyar gicciye a Sabon Gari kowa yana cikin nasa azumi a wata ɗaya.

Daren Asabar kafin Ista shi ne babban darensu. Ana hura sabuwar wuta a waje, a kunna babban kyandir, a shiga majami'a cikin duhu, kowa ya kunna nasa daga na maƙwabcinsa har wuri ya haskaka. A daren nan ne ake yi wa manya baftisma. Kwana 50 bayan haka sai Fentikos. Watan Mayu da na Oktoba sun keɓe su domin addu'ar carbi. A ƙarshen damina akwai godiyar kaka, inda ake kawo dawa da gero da gyaɗa da kaji gaban bagade, a yi gwanjonsu domin aikin majami'a. Shekara takan rufe a ƙarshen Nuwamba da idin Almasihu Sarki, wanda Fafaroma Pius na 11 ya kafa a 1925. Zagayen da wasu ƙasashe suke yi da jibi mai tsarki a watan Mayu ko Yuni, a Nijeriya an mai da shi wannan rana saboda ruwan sama. Ko kalandar Roma ma sai da ta yi wa daminarmu biyayya.

SA'AD DA SUJADA TA KOYI HAUSA

Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, amma Mas da harshen Latin ake yinta, mutane suna amsa abin da yawancinsu ba su gane ba. Babbar Majalisar Vatican ta biyu, daga 1962 zuwa 1965, ita ce ta buɗe ƙofa a yi sujada da harshen jama'a.

Wannan ya zo daidai da lokacin baƙin ciki. Kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun kwashe yawancin Katolikan Kano, waɗanda 'yan Gabas ne, aka bar kujeru wayam. A shekarun da suka biyo baya masu bishara, nasu da namu, suka ƙara mai da hankali ga Maguzawa a ƙasashen Rano da Sumaila da Tudun Wada da sauransu. Jarumin wannan zamani shi ne katikis, malamin ƙauye mai keke, wanda yake koyar da aji, ya bi da sujadar Lahadi, ya binne matattu, har ranar da Fada zai zo. Aikin bai zo da sauƙi ba. Mai mata biyu ko uku yakan daɗe a bakin ƙofar baftisma, haka kuma maganar giya da tsafin gida ta raba wasu da danginsu. Amma da Zumuntar Mata ta shigo da ganga da tulu da kacau-kacau, aka fara waƙa da karin da uwa take yi wa ɗanta, sai sujada ta daina zama baƙuwa.

KWANAKIN GWAJI

Ba za mu ɓoye wa 'ya'yanmu ba. An ƙone majami'u a Oktoba 1982. An yi tarzoma a Oktoba 1991 da Mayu 2004. Ranar 29 ga Afrilu 2012 'yan bindiga suka auka wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, Katolika da waɗanda ba Katolika ba, harsashi bai tambayi ɗariƙar kowa ba. Ranar 27 ga Yuli 2014 aka jefa bam a majami'ar St. Charles a Sabon Gari ana tashi daga Mas. Masifar nan ba ta bar Musulmi ba, gama a Nuwamba ta shekarar nan aka kashe masallata da yawa a babban masallacin Jumma'a na cikin birni. A waɗannan shekaru an mai da sujadar dare zuwa yamma, an sa masu bincike a ƙofa, amma Lahadi ba ta wuce ba a taru ba. Da shekara ta zagayo aka sake ƙona ganyen dabino, aka sake hura sabuwar wuta, aka sake rubuta sababbin sunaye a littafin baftisma. Amsar tambayarmu ke nan: jama'ar da ta san ranar taruwanta, da abin da ya tara ta, ko an watsa ta za ta sami hanyar dawowa.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ya ku ƙaunatattu, ba mu rubuta wannan domin kowa ya sauya ɗariƙa ba. Mun rubuta domin mu auna kanmu.

1. Ina littafin baftismarmu na shekarar fari? Idan gara ta fara cinsa, dattawa su tashi a kwafe shi tun masu sanin sunayen suna da rai.
2. Ajin baftisma kada ya zama na mako biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
3. Ranar jibin Ubangiji, masu hidima su tuna da tsofaffi da majinyata waɗanda ƙafa ba ta kawo su.
4. 'Ya'yanmu da yawa yanzu suna addu'a da Turanci, suna jin kunyar waƙar Hausa. Harshen da iyayenmu suka sha wuya kafin sujada ta shiga cikinsa, kada ya mutu a hannunmu.

Waɗanda za su yi jubili ta shekara 100 suna cikin ajin yara yau, wasunsu ma ba a haife su ba. Allah ya sa su tarar da ruwan baftisma da teburin Ubangiji a inda muka bar su. Allah ya ba Kano da ƙasarmu zaman lafiya, ya albarkaci maƙwabtanmu duka. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku. Amin.