Caca, lasisi da sadaka: tarihin wata takardar izini a bakin iyakar Ɗan Isa

0. Gabatarwa

Maƙasudin wannan ɗan nazari shi ne bin sawun wata dabara ta mulki wadda ta daɗe a ƙasashen Turai da Amurka, wato hukuma ta haramta caca gaba ɗaya, sannan ta buɗe mata ƙofa guda da sunan taimakon mabuƙata, ta kuma ba da takardar izinin yin ta a wuri sananne, galibi mashaya ko gidan abinci na unguwa. Dabarar tana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku: wurin da ake wasan, hukumar da ke sa hannu, da aikin alherin da ribar za ta tafi gare shi.

Mun zaɓi Ɗan Isa, cikin gundumar Madarunfa ta jahar Maraɗi, saboda a nan ne dokokin caca iri biyu suke fuskantar juna, tsakaninsu tafiyar ƙafa kawai. Abin da muke son nunawa shi ne, a wannan yanki duwatsun uku ba su taɓa haɗuwa a murhu ɗaya ba, kuma kalmomin Hausa da kansu suna ɗauke da shaidar haka.

1. Kalmomi tukuna

Bahaushe yana da kalma ɗaya mai faɗi, caca, wadda ta rufe duk wasan da ake zuba kuɗi ko kaya, wani ya ci, wani a cinye shi, ko da wuri aka yi, ko da karta, ko da tikiti. Daga cikinta aka sami ɗan caca da gidan caca da cacar baki, kuma babu ɗaya cikin ukun da ke yabo. Kusa da ita akwai ƙuri'a, aro daga Larabci. Ita ba ta da wannan tabo, domin fikihu ya yarda da jefa ƙuri'a don raba gardama tsakanin masu hakki iri ɗaya. Mata masu adashi kan jefa ta su san wadda za ta fara kwasa, kuma ba wadda ke asarar zubinta. Da wannan kalma ce kuma muke zaɓen shugabanni.

Faransanci ya yanka fagen gunduwa-gunduwa: jeu de hasard, loterie, tombola, pari. Kowace kalma da dokarta da hukumarta. Da suka shigo bakin Hausawan Nijar sai aka ari tambola da PMU kamar yadda suke. Aron nan yana da amfanin da ya wuce cike giɓi. Wanda ya ce ya sayi tikitin tambola a bikin makaranta bai furta cewa ya yi caca ba, alhali in aka tambayi malamin zaure sunan abin, kalma ɗaya zai faɗa.

2. Ƙofar sadaka a shari'ar Musulunci

Abin lura shi ne, hujjar cewa caca tana ciyar da matalauta ta riga dokokin Turai da ƙarnoni da yawa. Maisir na Larabawan Jahiliyya, kamar yadda malaman tafsiri suka bayyana shi, wasa ne da ake yi a kan raƙumin da aka soke. Ana zuba kibau 10 cikin jaka, 7 masu rabo, 3 marasa kome. Waɗanda suka zaro marasa rabo su ne ke biyan kuɗin raƙumin, su kuwa masu ci sukan raba naman ga matalauta, abin alfahari ne ma a wurinsu. Ke nan caca ce ta taimako tun asalinta.

Aya ta 219 ta suratul Baƙara ta ambaci giya da maisir tare, ta yarda akwai wani amfani cikinsu ga mutane, amma ta hukunta cewa zunubinsu ya rinjayi amfanin. Ayoyi na 90 da 91 na suratul Ma'ida suka rufe batun da hani. Saboda haka, a wurin mai bin wannan tafarki, an riga an gabatar da hujjar taimako, an saurare ta, an kuma ƙi ta. Haɗa mashaya da caca a ƙarƙashin rufi ɗaya kuwa haɗa abu biyu ne da nassi ya riga ya jera su tare.

3. Ƙofar taimako a dokar Faransa

Faransa ta bi wata hanya dabam. Dokar 21 ga Mayu 1836 ta haramta loterie, amma sashenta na 5 ya keɓe wadda ake yi a kan kaya domin ayyukan jinƙai (bienfaisance) ko ƙarfafa fasaha, muddin hukuma ta ba da izini. Dokar 2 ga Yuni 1891 ta yi wa cacar sukuwa irin wannan gata. Ta yarda da pari mutuel a filayen tsere, inda ake tara zubin kowa wuri ɗaya, a cire kaso na ayyukan jinƙai da na kiwon dawaki, sauran a raba wa waɗanda suka canka daidai. A 1930 aka yarda a karɓi zubi a wajen fili, daga nan PMU ta samo asali, ta kuma sami mazauni a mashayun unguwanni. A 1933 gwamnati ta kafa tata Loterie nationale da hujjar tallafa wa tsofaffin sojojin yaƙin 1914-1918 da manoman da bala'i ya afka wa. A 1954 aka ƙirƙiro tiercé, wato cankar dawaki uku na farko. Shekara da shekaru wakilin gwamnati (préfet) ne ke sa hannu a kan izinin tambolar ƙungiyoyi, sai a 2015 aka miƙa wannan iko ga magajin gari.

Inda duwatsun uku suka fi zama daram shi ne jahar Minesota ta Amurka. A can, tun 1981 ƙungiyoyin da ba na neman riba ba suna sayar da ƴan takardun sa'a da ake ɓarewa nan take, mafi yawa a cikin mashaya da gidajen abinci. Hukumar jaha ba ta ba da izinin wuri sai majalisar gari ta amince, kuma gari yana da damar neman kashi 10 cikin 100 na tsabar riba ya shiga wani asusu da yake kula da shi. Mai gidan abinci yana karɓar haya, ƙungiya tana biya wa ƴan wasan unguwa ko ƴan kwana-kwana buƙata, majalisa tana iya cewa a'a. Ko mutum ya yarda da tsarin ko bai yarda ba, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

4. Abin da Nijar da Nijeriya suka gada

Ƙasashen da Faransa ta mallaka sun ɗauki rabin gadon da ya shafi gwamnatin tsakiya. Senegal ta kafa hukumar cacarta ta ƙasa a 1966, Haute-Volta a 1967, Côte d'Ivoire a 1970. A Nijar, LONANI ce ke riƙe da wannan fage a madadin gwamnati, kuma hujjarta irin ta 1933 ce: a tara ƙananan kuɗin jama'a, a mayar da wani kaso ga ayyukan ƙasa. Cikin shekarun 1990, zamanin ƙarancin albashi da karyewar darajar sefa ta Janairu 1994, rumfunan PMU suka bazu a biranen yankin. Ma'aikaci a Maraɗi yana nazarin dawakin da za su yi tsere a Vincennes ko Longchamp, waɗanda bai taɓa gani ba, zubinsa kuwa yana tafiya Yamai. Tambolar taimako ta gaskiya, wadda ribarta ke tsayawa a wurin da aka yi ta, ta rage ƙaramin abu na bukukuwan makarantu da ƙungiyoyi. Mashaya kuma tana da nata lasisi da patanti, waɗanda ba su haɗa hanya da izinin caca ba.

A kudancin iyaka, Ingilishi sun bi ta kan giya. Yarjejeniyar Buruksel ta 1890 ta taƙaita cinikin barasa a wannan sashe na Afirka, dokar giya ta 1917 kuma ta sa Arewacin Nijeriya cikin yankin hani, in ban da wurare ƙalilan masu lasisi. Haka aka saba da tsarin keɓewa: birni na Musulmi ne, mashaya da gidan caca suna Sabon Gari ko bayan ganuwa. Wannan ɗabi'a ta tura abin ƙi zuwa gefe ita ce za ta bayyana abin da ya faru a 2000.

5. Ɗan Isa da Firji, 2000

Ɗan Isa tana kimanin kilomita 40 kudu da Maraɗi, a kan hanyar Jibiya da Katsina. Mutanen ɓangarorin biyu dangi ne. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora su ne suka kafa Maraɗi wajen 1819, iyakar da ke tsakani kuwa ta fito ne daga yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906, aka kuma kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908.

A ranar 27 ga Oktoba 1999 gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'a a Zamfara, dokar ta fara aiki cikin Janairu 2000. Katsina ta bi baya cikin Agusta 2000, Kano ma a shekarar. Aka rufe mashayu da gidajen caca da gidajen mata masu zaman kansu. Da yawa daga masu waɗannan sana'o'i suka tsallaka iyaka, kuma ƙauyen Firji, tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, ya yi suna a matsayin masaukinsu. Masu ciniki suna zuwa daga Nijeriya da nairarsu, su kwana ko su koma. A taƙaice, Sabon Garin da aka rufe a can ya sake buɗewa a nan, sai dai a wannan karo ganuwar ita ce iyakar ƙasa.

Mu dubi duwatsunmu uku a wannan lokaci. Wuri yana nan, a ƙasar Nijar, wadda tsarin mulkinta ya raba addini da gwamnati. Hukumar gari zaɓaɓɓiya kuwa babu ita, domin dokar da ta kafa ƙananan hukumomi ta 2002 ce, zaɓensu na farko kuma sai Yuli 2004. Masu iko a lokacin su ne wakilin gwamnati a Madarunfa, da jandarmomi, da ƴan duwan, da sarakunan gargajiya. Aikin alheri kuma babu wanda ya ko yi da'awarsa: cacar karta ta bayan mashaya riba ce ta mai gida da mai sa'a.

Cikin Nuwamba 2000, lokacin bikin nuna tufafi na FIMA karo na biyu a Yamai, zanga-zangar ƙin bikin ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maraɗi. Kamar yadda Barbara Cooper (2006) ta nuna, an far wa mashayu, da gidajen mata marasa aure, da rumfunan caca, da wuraren Kirista. Gwamnatin Tandja Mamadou ta mayar da martani da kame da soke wasu ƙungiyoyin addini. Abin da ya shafi bincikenmu shi ne, masu tarzomar ba su bambanta rumfa mai takardar gwamnati da gidan caca na ɓoye ba. A idonsu sunan abin ɗaya ne. Takardar da aka sa wa hannu a nesa, da harshen da yawancinsu ba su karantawa, don ribar da ba su ga inda ta sauka ba, ba ta kare kome ba.

6. Bayan haka

Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010 ta ba magajin gari alhakin kiyaye oda da natsuwa da tsabta a yankinsa, amma cacar da doka ta sani ta ci gaba da zama a hannun hukumar ƙasa. A Afrilu 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomi ta naɗa kantomomi. A Nijeriya, dokar 2005 ta kafa hukumar caca ta tarayya da asusun ayyukan alheri, sai kotun ƙoli ta yanke cikin Nuwamba 2024 cewa wannan fage na jihohi ne. A shekarar ce kuma Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo. Ana cikin haka wayar hannu ta fara ɗauke dutse na farko ɗungum, domin saurayi a Ɗan Isa ko Jibiya yana iya zubi a kan wasan ƙwallon Ingila ba tare da ya taka mashaya ko rumfa ba.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da abu biyu. Na farko ya shafi mulki. Lasisi amsa ce ga tambayoyi uku: a ina, da yardar wa, kuma don amfanin wa. A Ɗan Isa an bar wa ƙauye ɗawainiyar wuri, an bar izini a hannun na nesa, ribar kuwa ta bi hanyar Yamai ko aljihun mai gida. Mutanen da ke kwana da hayaniyar ba su da majalisar da za ta ce i ko a'a a madadinsu, kuma inda babu wannan ƙofa, fushi yakan nemi wata.

Na biyu ya shafi aikinmu na masu fassara dokoki. Muna ba da shawarar kada a fassara bienfaisance da sadaka a cikin irin waɗannan matanoni. Sadaka ibada ce mai sharaɗin tsarkin dukiya, kuma jin ta kusa da caca zai sa mai sauraro ya ɗauka ana yi masa wayo ne. Ayyukan taimakon jama'a ya fi dacewa. Haka nan autorisation izini ne, kada a ce halattawa, domin halal da haram suna da nasu masu hukunci. Mai fassarar da ya kiyaye waɗannan iyakoki biyu zai bar wa jama'a damar yin muhawarar da idonsu a buɗe, da kalmomin da suka san nauyinsu.