Faifan Exodus: Daga Harbin Kingston Zuwa Birnin Landan

A ƙarshen shekarar 1976 ƙasar Jamaika tana cikin zazzafar siyasa, domin magoya bayan Firayim Minista Michael Manley da na abokin hamayyarsa Edward Seaga sun raba unguwannin talakawan Kingston gida biyu, kowane ɓangare da 'yan bindigarsa. A cikin wannan hali ne mawaƙi Bob Marley ya amince ya yi wasa kyauta don kwantar da hankalin jama'a, amma da gwamnati ta sa ranar zaɓe dab da ranar wasan, sai mutane da yawa suka ɗauka ya bi bayan Manley. Ranar 3 ga Disamba da dare, 'yan bindiga suka kutsa gidansa da ke lamba 56 a titin Hope Road, suka harbe shi a ƙirji da hannu, suka ji wa matarsa Rita rauni a kai, manajansa Don Taylor kuwa da ƙyar ya sha. Bayan kwana biyu Marley ya hau dandali da rauninsa ya cika alkawari, sannan ya bar ƙasar.

Ya fara yada zango a tsibiran Bahamas, kuma a farkon 1977 ya isa Landan, inda makaɗan ƙungiyarsa ta Wailers suka taru a wani gida a unguwar Chelsea. Daga Janairu zuwa Afrilu suna aiki a situdiyon kamfanin Island na Chris Blackwell. Ginshiƙin kiɗan 'yan'uwa biyu ne, Carlton Barrett a kan ganguna da wansa Aston a kan jita mai kaurin amo, ga Tyrone Downie a kan fiyano, ga Rita da Marcia Griffiths da Judy Mowatt suna amshi. A nan ne kuma suka ɗauki Junior Marvin, wanda ya tashi a Ingila, shi ya shigo da salon jitar da kunnen Turawa ya saba da shi. Waƙoƙin da suka naɗa sun yi yawan da har ragowarsu ta cika wani faifan, Kaya, a 1978.

Exodus ya fito ranar 3 ga Yuni, 1977, da waƙoƙi goma. Sunan ya samo asali ne daga fitar Annabi Musa da Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna, ƙissar da yara ke ji tun suna makarantar allo, sai dai mabiya addinin Rastafari suna fassara ta da komawar baƙar fata Afirka. Fuskar farko ta faifan gargaɗi ce ga azzalumai, daga bakin wanda ya ga mutuwa ido da ido. Fuska ta biyu kuwa soyayya ce da neman zaman lafiya, kuma a cikinta waƙar "One Love" take. Wasu masu sharhi sun ce ya sassauta don neman kasuwar Turai, amma a ganina wanda aka harba ya fito yana kiran haɗin kai ba a ce masa ya yi laushi.

Faifan ya yi mako 56 a jere cikin jerin waɗanda aka fi saye a Birtaniya. Ana tsaka da wannan nasara, a watan Yuli, likitoci suka gano cutar daji a ɗan yatsan ƙafarsa, aka soke rangadin Amurka. Ya koma gida a 1978, kuma ranar 22 ga Afrilu ya haɗa hannun Manley da Seaga a gaban dubban jama'a a Kingston, ko da yake zubar da jini bai tsaya ba. Cutar ta yi ajalinsa a Miami ranar 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36.

A Najeriya, kaset ya kai kiɗan nasa birni da ƙauye, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 Majek Fashek da Ras Kimono da ƙungiyar Mandators sun yi tashe a kan turbar da ya share. A 1999 mujallar Time ta Amurka ta zaɓi Exodus a matsayin faifan da ya fi kowanne a ƙarni na 20.