Daga Tama Zuwa Sifirin Mota: Tarihin Wuƙa da Adda a Ƙasar Muri

A watan Disamba na shekarar 1892 aka ji ƙarar igwa a gindin duwatsun Kona. Sarkin Muri Muhammadu Nya ya daɗe yana fama da wannan gari na Jukunawa, shekara da shekaru ana kai hari ana komowa, sai ga wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Louis Mizon ya hauro Binuwai da jiragensa, ya taimaka masa da makamai da mutane. Kona ta faɗi. A 1893 sarkin ya kafa sansani kusa da wurin, sansanin da ya zama Jalingo, wadda tun ranar 27 ga Agusta 1991 take babban birnin Jihar Taraba. Masu rubuta tarihi sukan tsaya a kan igwar Mizon, don ita ce baƙuwa a labarin. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙarfen da ya tare dawakin Muri duk tsawon shekarun nan kafin igwa ta iso: kan kibiya, tsinin mashi, wuƙa da gatari, aikin maƙeran wannan yanki.

Ƙasar nan ta ƙarfe ce tun fil azal. A Taruga, kusa da Abuja ta yau, an tono matoyan tama na mutanen Nok da suka haura shekara 2,000. A gindin Dala ma an narka tama tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin baka na Kano ya ce wani maƙeri ne daga Gaya ya zo neman tama ya zauna. Can gabas, a Sukur ta Jihar Adamawa, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, narkar da tama ce ta gina arzikin garin kacokan. Tsakanin waɗannan wurare, a duwatsun Yorro da Zing da ke gabas da Jalingo, Mumuye sun yi suna da aikin ƙarfe, haka ma maƙwabtansu Chamba.

Aiki ne na wahala wanda ba mutum ɗaya ke yin sa ba. A tara tama, a sare itace mai tauri a toya gawayi, a gina matoya da yumɓu, sannan a wuni ana zuga wuta. Abin da ke fita a ƙarshe curi ne mai haɗe da kashin ƙarfe, sai maƙeri ya yi ta mayar da shi wuta yana duka har dattin ya fice. Wanda ya san irin gumin da ke cikin wuƙa guda ba zai bar ta a ƙasa ta kwana cikin raɓa ba. Shi ya sa ƙarfe ya zama kuɗi. Sandunan ƙarfe masu kauri a tsakiya, waɗanda ake kira taji ko tajere, da su ake ciniki, da su ake biyan kayan aure, kuma ranar da buƙata ta taso sai a kai su maƙera su koma fartanya ko wuƙa. Masu roƙon ruwan sama na Mumuye kuma suna da sandunan ƙarfe masu lanƙwasa kamar walƙiya ko tafiyar maciji. An nuna irinsu a gidan tarihi na Fowler da ke Los Angeles ta Amurka, a baje kolin fasahar kwarin Binuwai na 2011, da kuma na aikin maƙeran Afirka a 2018. Abin takaici ne a ce ɗan Los Angeles ya fi ɗan Jalingo samun damar ganin su.

To, me mutumin wancan zamani yake ɗauka in zai shiga daji?

Ba ya neman ƙarfe ɗaya da zai yi masa komai. Aikinsa ne ke zaɓa masa, sai kuma irin dajin da zai ratsa. Maharbi na kwarin Binuwai, musamman a ƙasar Tibi da kewayenta, yana da wata wuƙa mai ban sha'awa wadda ƙotarta zobe ce ta ƙarfe. Yakan zura tafin hannunsa a ciki, ruwan wuƙar ya leƙo ta gefe, yatsunsa kuma su kasance a sake, ya ja tsirkiyar baka ba tare da ya ajiye wuƙar ba. In naman da ya harba ya juyo kansa, ba sai ya tsaya laluben kube ba. Fatake da mahaya da suka gangaro daga ƙasar Hausa da Barno sun zo da tasu dabarar, wato wuƙar damtse, wadda ake ɗaurawa a hannun hagu ƙarƙashin riga, ƙota na kallon ƙasa, dama ta zare ta cikin ƙiftawar ido. Makiyayi kuwa sandarsa ce gaba, amma ba ya rabuwa da ƙaramin gatari ko adda don sassabo wa shanu ganye da rani, da wuƙa a ƙugu saboda dabbar da za ta faɗi, a samu a yanka ta kafin ta zama mushe. Wannan dalili na addini shi kaɗai ya isa ya sa Musulmin daji bai yarda wuƙarsa ta dakushe ba.

Gatarin gargajiya shi ne ya fi cancanta a tsaya a dube shi da kyau, domin hikimar da ke cikinsa ta fi ƙarfin kallo ɗaya. Gatarin Turawa rami gare shi, ƙota ke shiga cikin ƙarfe. Namu kuwa ƙarfen ne ke shiga cikin ƙota. Maƙeri yakan ja bayan ruwan gatarin ya yi tsini, a nemo reshe mai gaɓa ko ƙulli a kai, a gasa tsinin ya yi ja, a huda ƙullin da shi har ya zauna daram. Duk saran da aka yi ƙara cusa shi yake. In ƙota ta karye a tsakiyar daji, ba a rasa komai ba: a sari wani reshe, a hura wuta, kafin rana ta yi tsaka gatari ya tashi. Wutar ma daga maƙera take, don ƙyastu ɗan guntun ƙarfe ne da ake bugawa a kan ƙanƙara, tartsatsi ya kama auduga. Wuƙa, gatari da ƙyastu, in mutum yana da waɗannan kuma ya san inda ruwa yake, zai kwana a daji ya tashi lafiya.

Ƙarfen waje bai jira Turawan mulki ba. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi wajen 50,000 ke shigowa birnin duk shekara, yawancinsu ƙirar Solingen ta Jamus, ana ratso Sahara da su, maƙera da dukawan Kano su yi musu ƙota da kube. A shekarar nan ya haye Binuwai ya kai Yola. Bayan shekara uku, a 1854, Dokta Baikie ya hauro kogin da jirgi mai suna Pleiad har ya ziyarci garin Muri. Daga nan ƙofar ruwa ta buɗe. Kamfanin Royal Niger ya kafa zango a Ibi, hajar Ingila ta riƙa hawowa. Cikin hajar da ta kama ƙasa da ƙarfi har da adda ta kamfani, kuma wadda ta fi suna ita ce mai tambarin kada, ta kamfanin Martindale na Birmingham. Har gobe manomi in ya je sayen adda yakan juya ta ya nemi kadan nan.

Amma ba addar kamfani ce ta kashe matoya ba. Tarkacen ƙarfe ne. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, motoci suka biyo baya, sai ga ƙarfe a yashe ko'ina, wanda ba a sha wahalar haƙa ko narkawa ba. Wa zai wuni yana zuga wuta a kan tama alhali ga karyayyen sifirin tirela a bakin gareji? Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 narkar da tama ta mutu a kusan ko'ina a Arewa. Ƙira dai ba ta mutu ba, ta sauya abinci ne kawai.

Je ka rumfar maƙeri a Jalingo ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah, lokacin da kowane maigida ya tuna da wuƙar layyarsa. Yaro na gefe yana jan zuga-zugi ko murza fanka, gawayin ƙirya ya yi jawur. Maƙeri ya ciro guntun sifirin da awartaki, ya ɗora a uwar maƙera, masaba ta hau kai, ƙarfen na miƙewa yana faɗi. In siffa ta fito, sai ya mayar da shi wuta, ya zuba wa launinsa ido, don a nan gwanintar take. Ya tsoma bakin a ruwa, ya yi cuu, ya ɗaga ya duba. In ya yi gaggawa, wuƙar za ta yi tauri fiye da kima, ranar da ta haɗu da ƙashi bakinta ya ɓalle. In ya yi sanyin hannu, za ta yi laushi, kaifinta bai kai a gama fiɗar rago ɗaya ba. Sifirin mota ya dace da wannan aiki ne saboda tun asali an yi shi don ya lanƙwasa ya dawo, kuma yana ɗauke da sinadarin da ke sa ƙarfe ya karɓi tauri.

Mai saye na ƙwarai shi ma yana da nasa ilimin. Zai ƙwanƙwasa ruwan wuƙar ya saurara, don mai tsaga a ɓoye ba ta amo. Zai miƙa ta saitin idonsa ya ga ko ta karkace. Zai goga bakin a farce ya ji ko yana kamawa. Sai ya jijjiga ƙota, domin wuƙa ba ta cika mutuwa ta baki ba, ta wuya take mutuwa, inda ƙarfe ya shiga itace. Maƙerin kirki kuma kafin ya miƙo komai sai ya tambaye ka aikin da za ka yi da ita. Ta fiɗa gajera ce mai tumbi, ta yanka doguwa ce siririya, ta daji kuwa tana son kaurin gadon baya don a iya dukanta da itace a tsaga makamashi.

A yau kasuwa ta cika da wuƙaƙe masu sheƙi daga Sin, waɗansu masu naɗewa, waɗansu da haƙora a baya da ƙotar roba. Ba duka ne na banza ba, kuma ƙarfen da ba ya tsatsa yana da ranarsa a ɗakin girki da wurin masunta na Lau da Ibi. Sai dai ra'ayina a fili yake: wanda zai nufi dajin Gashaka Gumti, gandun da ya fi kowanne girma a Najeriya da faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000, ko ya hau tsaunukan Mambila inda damina ke daɗewa, ya riƙi abin da zai iya gyarawa da hannunsa. Baƙin ƙarfe yana tsatsa, gaskiya ne, amma ɗan man kaɗanya ya ishe shi, kuma kowane dutsen bakin rafi zai wasa shi. Mai naɗewa in ƙusarta ta saki, ta tashi daga aiki.

Akwai abin da ya ɓata wa wuƙa suna, kuma bai kamata a rufe shi ba. 'Yan daba a Kano, 'yan kalare a Gombe, 'yan shila a Yola, ga rikicin manoma da makiyaya da ya ci rayuka a Taraba kanta, duk sun sa adda a hannun saurayi ta zama abin tsoro. Dattijon da a da ba ya fita sai da 'yar wuƙarsa ta gyaran alƙalami da ɓare goro, yanzu yakan bar ta a gida gudun tambaya a shingen jami'an tsaro. Ba na ganin laifin masu tambayar. Ina dai jin zafin yadda kayan noma da kiwo suka koma shaidar laifi.

Mafi girman sauyi kuwa ya zo ne da inji. Hausawa na cewa sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, kuma a zamanin gatari haka abin yake, don mai gatari reshe yake ɗauka ya bar uwa, ko ya wuni a kan itace guda. Injin zarto ba ya barin komai. A shekarun da suka biyo bayan 2010, dazuzzukan Bali da Gassol da Gashaka sun cika da ƙararsa, ana kayar da madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, tireloli na kwasa zuwa Legas a loda wa jiragen ruwa zuwa Sin. A farkon 2017 yarjejeniyar CITES ta sa itacen cikin waɗanda sai da izini za a yi cinikinsu tsakanin ƙasashe, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da shi daga Najeriya. Kafin nan an riga an yi ɓarna mai yawa. Madobiyar nan ita ce makiyayi ke sassabo wa shanunsa ganyenta da rani, ita kuma ƙirya da masu toya gawayin sayarwa suka sa wa ido ita ce wutar maƙeri.

Tsofaffin da suka ga matoya tana ci da idonsu, ko suka ji daga bakin iyayensu, sun ragu ƙwarai a ƙauyukan Yorro da Zing. Jami'ar Jihar Taraba tana nan cikin Jalingo tun 2008, tafiyar da ba ta kai wuni ba daga waɗannan duwatsu. Ya kamata ɗalibanta na tarihi su ɗauki na'urar naɗar murya su je su zauna da su, su tambayi inda ake haƙo tama, da itacen da ake toyawa, da adadin tajin da ake kai wa gidan surukai, su kuma auna tsofaffin matoyan da suka rage kafin garma ta bi ta kansu.